Malam Ɗigo da Birkin Gaba

Maigidana ya yi shekara talatin da ɗaya yana hawan babur babu birkin gaba, kuma in ka tambaye shi zai ce maka hikima ce. Ni da na yi shekara arba'in da uku a gidansa na san sunan abin, sai dai ba a faɗarsa a gaban yara.

Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Telolin kasuwa da na bakin titi da matan da ke ɗinki a cikin gida duk sun san shi, amma ka tambaye su sunan da iyayensa suka raɗa masa, ka ga an tsaya kallon juna. Malam Ɗigo suke ce masa. Akwai wani ɗan gwangwanin man keke mai dogon baki da ke zaune a aljihunsa na hagu, kuma a karatunsa babu ciwon da ɗigo ɗaya na man nan ba ya warkarwa. Keke ya cije, ɗigo ɗaya. Ƙofa tana kuka, ɗigo ɗaya. Kwaɗo, almakashi, fanka, agogon bango, zik ɗin jakar makarantar yara, babu wanda ya tsira. Ranar da na ce gwiwata tana ƙara in na miƙe, wallahi sai da na ga hannunsa ya doshi aljihu, muka haɗa ido, ya wayance da sosa ƙirji. Duk rigar da ya mallaka tana da tabon mai a wuri guda, kuma kun san wadda ke wankewa.

In ba shi haƙƙinsa, ya iya aikinsa. Zai ce wa tela, “Taka mu ji,” ya runtse ido, ya kasa kunne kamar mai jin gulma ta bayan ƙofa, kafin a ɗinka taku ɗaya ya faɗi abin da ke damun keken. Da kunnen nan da sukudireba uku ya ciyar da mu, ya sa yara huɗu a makaranta. Na faɗi alherinsa tun yanzu don kada a ce ban faɗa ba, domin daga nan gaba sai a yi haƙuri da ni.

Baburin ya saye shi ne a hannun wani shekarar da na haifi babbar 'yarmu, kuma tun a lokacin ba yaro ba ne. Baƙi ne, mai faffaɗan tanki, ga nauyi kamar saniya, in ya tashi duk layinmu sai ya sani. Dattijo yake ce masa. A bayansa ya ɗaura akwatin katako na kayan aiki, kullum da safe ya hau ya zaga shagunan teloli, sai la'asar ya dawo yana warin mai yana kawo mini labarin wanda ya karya allura da wanda ya ɗinka wa ango wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

A ƙafar gaba akwai faifan ƙarfe, a jikin faifan akwai wani dunƙulen ƙarfe da ke cizonsa in an matsa hannun birki. Bakanikai suna da sunan da suke kiransa, ni muƙamuƙi nake ce masa, tunda aikinsa ke nan. To, wata shekara muƙamuƙin ya fara yoyon mai, daga baya ya daina cizo gaba ɗaya. Malam ya kwance shi, ya naɗe shi a cikin wani zanena da ban ce na gama da shi ba, ya cusa a babban gwangwanin madara, ya ce zai duba shi in ya samu sarari. Sararin nan muka yi ta jira har yara suka yi aure.

Daga nan ya ƙirƙiro ilminsa. Wai birkin gaba shi ke kifar da mutane da fuska, wai mai hankali tun daga nesa yake shirya tsayawa. Shirin kuwa shi ne ya taka na baya, ya rage giya, sannan ya sauke ƙafafu biyu ƙasa ya yi ta jan takalmi har Allah ya tsayar da shi. Mai gyaran takalmin bakin layinmu yana ganinsa yake miƙewa tsaye ya gaishe shi, don ba kowa ke kawo masa aiki duk wata shida ba fashi.

Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Wata Talata an yi yayyafi, yana gangarowa hanyar kasuwa, mai ƙwai ya turo amalankensa cike ya shiga titi. Malam ya taka na baya, taya ta zame. Ya sauke ƙafafu, takalman suka ce su ma yau ba su zo aiki ba. Allah ya rufa asiri babu wanda ya ji ciwo, ban da ƙwan. Ya shigo gida yana tura Dattijo, gwaiduwa tun daga hula har ɗan yatsan ƙafa, kuma abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, “Mutumin nan bai iya tura amalanke ba.”

Kafin ya fito daga wanka labari ya kai wa babbar 'yarmu. Nas ce a asibiti, amma Likita muke ce mata tun tana 'yar shekara shida, saboda tun lokacin take ba mutane umarni. Ta iso da mijinta a bayanta. Shi kuwa surukin namu bakanike ne, mutumin kirki, hannunsa na da kyau a kan inji, sai dai shekara goma sha ɗaya da auren nan ban taɓa jin ya kai ƙarshen magana a gaban Malam ba.

Likita ba ta ko zauna ba. Ta wuce wurin ƙusar da ake rataye makulli, ta zare, ta jefa a jakarta.

“Baba, an gama hawan babur.”

“Wa ya gama?”

“Kai. Yau ƙwai ne, gobe yaron wani ne. Shekararka nawa yanzu? Kullum ina ganin irinku ana shigo mana da su a kan gado.”

“Irinmu? Ke, ni na saya miki takalmin farko da kuɗin da baburin nan ya nemo.”

“To na gode, amma makulli yana wurina.”

Aka yi ta ja-in-ja, ita ta ce a sayar, shi ya ce sai dai a haɗa da shi a sayar. Ni ina gefe ina wanke hula, ban ce uffan ba, don raina yana tare da Likita, kuma ban ga dalilin da zan ɓata bakina ba tunda ga mai yi mini faɗan kyauta. A ƙarshe suka tsaya a kan sharaɗi: a gyara birkin gaba, mijinta ya hau ya gwada, in ya ce ya yi, makulli ya dawo. In bai yi ba, Dattijo ya yi ritaya.

Surukin ya ce, “Baba, da ka bari na tafi da shi shago, kwana biyu ma na...”

“Hannuna ya kwance shi, hannuna zai mayar. Kai naka gwaji.”

“Haka ne, Baba.”

Ban san abin da na goyi baya ba sai da aka kwana uku. Mutumin da ya saba fita tun safe ya zama ɗan zaman gida. Ya ɗiga wa kowace ƙofa mai har ta daina tsayawa a rufe. Ya shigo kicin yana koya mini yadda ake riƙe wuƙa. Ya gwada shiga motar haya da akwatinsa sau ɗaya, ya dawo yana cewa an matse shi kamar kifin gwangwani, kuma direban bai san komai a kan inji ba. Teloli suna kiran waya, yana ce musu gobe. Sai ranar nan wani tsohon tela, wanda Malam ya yi wa aiki shekara ashirin, ya kira ya ce kada ya damu, ya samu wani ya duba masa keken. Malam ya ce, “Madalla, madalla,” ya ajiye waya. Na kawo abinci, ya ce ya ƙoshi. Ya je ya zauna kusa da baburin ya zuba wa ƙasa ido har inuwa ta juya.

A nan dariya ta ƙare mini. Na gane cewa in makullin nan bai dawo ba, ba babur kaɗai za a jingine a bango ba, har da mijina. Na tsorata, gaskiya, kuma na ji haushin kaina da na yi shiru ranar da aka zare shi. Ni da kaina na hau kujera na sauko masa da gwangwanin madarar daga saman kabad.

Da ya warware zanen, abin da ya fito ya fi kama da abin da aka tono a kango. Tsatsa ta yi masa riga. A cikin muƙamuƙin akwai wani ƙarfe mai kamar ƙaramin kofi, fistin, wanda mai ke turowa ya matse faifan. Wannan fistin ɗin ya yi shekara talatin da ɗaya a zaune, ya kuma rantse ba zai tashi ba. Malam ya jiƙa shi, ya ƙwanƙwasa, ya lallashe shi, ya zage shi. Kwana huɗu ko motsi.

A na biyar ya ɗauka ya kai wa mai faci, a hura masa iska ta ramin da mai ke shiga. Na bi shi, don na ga alamar za a yi abin kallo. Mai faci ya ce, “Malam, a sa ɗan katako a bakinsa, in ya taso da ƙarfi yake tasowa.” Malam ya ce abin da ya ƙi motsi da guduma ba iska ce za ta ba shi fiffike ba. Aka sa bakin tiyo, aka buɗe iska. Shiru, shiru, sai fau! Fistin ya fita kamar an harba shi, ya wuce ta gefen kunnen mai faci, ya doki butar shayinsa ya lotsa ta. Mai faci ya dafe ƙirji yana salati. Malam ya je ya tsinto abinsa a cikin kwata, ya goge a riga, ya ce, “Ka gani? Dama saura kaɗan na bar masa.”

Daga nan teburin cin abincinmu ya koma shago. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera kowane noti da kowace kusa bisa tsarin da ya cire su, kamar yadda yake yi wa keken ɗinki, kuma kaiton wanda ya taɓa. Ya goge cikin muƙamuƙin da buroshin haƙori, wai tsoho ne, ni kuwa da safen nan na yi amfani da shi. Akwai wani siririn gurbi a ciki inda zoben roba ke zama ya hana mai fita, ya cika da dattin da ya daskare. Ya lanƙwasa allurar keke ya yi ta sakace shi kwana biyu, tabarau a kan hanci, harshe a waje. Fistin kuwa ya goge shi da samfefa mai laushi har sai da ya kira ni in zo in ga fuskata a jiki. Na gani, ban ga abin murna ba, amma aikin ya yi kyau.

Saura zoben roba. Tsohon ya bushe, ana taɓa shi ya karye, irinsa kuma an daina kawowa tun kafin a haifi masu shagunan. Surukinmu ya yi mako uku yana bin masu tsofaffin kayan babur kafin ya samo guda ɗaya tak a cikin 'yar leda. Ya kawo shi da kwalbar man birki, ya durƙusa ya ajiye a gaban Malam.

“Baba, shi wannan zoben, in za a sa shi, to da man bir...”

“Kai, lokacin da na fara sa roba a inji, ko auren iyayenka ba a yi ba.”

“Haka ne, Baba.”

Ya tafi da sauran maganarsa a ciki. Malam ya ɗaga zoben ya duba a haske, ya zaunar da shi a gurbinsa, sannan hannu ya tafi aljihun hagu. Saboda girman ranar ma ba ɗigo ɗaya ya yi ba, uku ya yi, ya shafe robar da fistin ɗin har suna ƙyalli. Fistin ya shige sumul. Ya dube ni ya ce, “Kin ga abin da nake gaya wa mutane?” Ni me na sani? Na ce na gani.

Aka mayar da muƙamuƙi jikin ƙafa, aka ɗaura tiyo, aka zuba man birki a ɗan kofin da ke saman hannu. Sai fitar da iska, domin in akwai iska a cikin tiyon, birki laushi yake yi ba ya kamawa. Nan aka ba ni muƙami. Ni ce a tsaye a dama ina matsa hannun birki, shi yana tsugune a ƙasa da sifana a kan wani ɗan noti mai huji.

“Matsa. Matsa. Riƙe! Na ce riƙe, baiwar Allah, ba saki ba.”

“Ai riƙe nake.”

“To saki.”

Ya buɗe notin, mai ya fito da kumfa, ya rufe, a sake. Mun yi haka ya fi sau ɗari. Tun ina jin hannun yana tafiya har ya taɓa maƙallin, har ya fara tauri a tafina. Ya ɗaga ƙafar gaba ya juya ta, na matsa, ta tsaya cak. Wallahi sai da na yi guɗa. Ya kira Likita a waya ya ce ta zo ranar Asabar da makullinsa, kuma ta zo da mijinta ya koyi aiki.

Ranar Juma'a ya je tura Dattijo ya fito da shi tsakar gida ya wanke, babur ya ce ba inda za shi. Ƙafar gaba ta ƙi juyawa. Birkin da ya yi shekara talatin da ɗaya bai kama ba, yanzu ya kama ya ƙi saki, kamar yana rama kwanakin da ya yi a gwangwani. Ya ja, na tura, muka yi gumi, ko taku ɗaya.

Asabar suka zo. Surukin ya tsuguna, ya kwance, ya sha wuya kafin ya zaro fistin. Zoben nan da aka yi mako uku ana nema ya kumbura ya yi laushi, ya fi ƙarfin gurbinsa. Ya kai shi hanci ya shinshina. Ya dubi aljihun Malam na hagu, ya yi sauri ya mayar da ido ƙasa, ya ce bari ya sha ruwa. Ya same ni a bakin kicin, ya rage murya.

“Mama, robar birki ba ta shiri da man keke. Ko kaɗan ya taɓa ta, kumbura take yi. Da man birkin kansa ake shafa ta. Abin da na so in faɗa ke nan ran nan.”

“To me ya hana ka?”

“Mama, ai kin gani.”

Na gani kam. Na fito na isar da saƙo ba tare da na rage masa gishiri ba. Malam ya ce robar zamani ce ba ta da tarbiyya, ta da ko a cikin mai ka kwanar da ita ba abin da zai same ta. Likita ta rataya jakarta ta ce, “To, an yi gwaji an faɗi, magana ta ƙare.”

Ban san lokacin da na tare ƙofa ba. Na ce, “Ke, dawo nan. Lokacin da kike koyon allura, hannun wa kika huda sau huɗu kafin ki samu jijiya? Ya ce miki an faɗi magana ta ƙare? Za a sake nemo roba, za a sake gwaji, ni na ce.” Ta dube ni, ta sauke jakarta. Ita ma ta san inda ta gado halin.

Washegari da safe Malam ya shigo kicin, ya zaro gwangwanin man daga aljihu, ya ajiye a kan taga kusa da gishiri. Ya ce, “Ajiye mini wannan.” Tunda na san shi ban taɓa ganin aljihun nan a lafe ba.

Zobe na biyu ya ɗauki kwana goma sha shida. Wannan karon an samu tsari: suruki ya faɗa mini a bakin ƙofa, ni in shiga in faɗa wa Malam, Malam ya ce dama abin da zai yi ke nan. Aka wanke komai, aka zubar da tsohon mai, aka shafa wa roba man birki kaɗai. Sai dai aikina ya ƙaru. “Baiwar Allah, riƙe mini nan.” “Danna wannan da babban yatsa.” “Ɗaure notin nan, ni zan duba ko ya yi.” Na ce a raina, mutumin nan ya ɗanɗana daɗin samun ma'aikaciya kyauta. Muka sake matsa da riƙe da saki har hannun birki ya yi tauri. Muka bar shi mako guda, kullum da safe ya juya ƙafar, tana juyawa lafiya, in na matsa ta tsaya.

Ranar gwaji ya sa sabuwar riga. Surukin ya karɓi makulli a hannun matarsa, ya buga Dattijo ya tashi, ya fita layi, ya dawo da gudu, ya matsa birki a daidai ƙofar gida. Babur ya durƙusa da gaba ya tsaya kamar an dasa shi. Ya sake sau uku. Ya sauko yana murmushi, kuma a karon farko a tarihin gidan nan ya kai ƙarshen magana: “Baba, ko a shagona ba za a yi wanda ya fi wannan ba.”

Likita ta karɓi makulli a hannun mijinta, ta miƙa wa Malam da hannu biyu. Ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, tsoro ne ya sa ni.” Ya karɓa yana wani basarwa.

Ya hau. Likita da mijinta suna ta hagu, ni ina tsaye a dama, inda na saba tsayawa. Ya ɗora hannu a kan maƙalli, ya miƙa yatsu biyu ya kamo hannun birki, ya ja. Hannun birkin ya ɗan motso kaɗan ya tsaya. Ya ƙara yatsu suka zama huɗu. Na ga jijiyoyin bayan hannunsa sun tashi, na ga yatsun suna karkarwa, sun lanƙwashe rabi sun ƙi ƙarasawa. Hannun birkin nan na matsa shi ya fi sau ɗari biyu, na san ƙarfin da yake so, ban taɓa sa masa fiye da yatsu biyu ba. Sai a lokacin na fahimci dalilin da ya sa aka yi ta ba ni noti in ɗaure.

Ya saki. Ya sake gwadawa a hankali, yadda ba za a lura ba. Sannan ya ɗago ya dube ni. Shekara arba'in da uku, ban taɓa ganin mutumin nan yana roƙo da ido ba sai ranar.

Ya gyara murya ya ce, “Akwai sauran iska a ciki.”

Surukin ya ce, “Baba, wallahi babu, yanzun nan na...”

Na ce, “Akwai. Ni ma da safe na ji ya yi laushi.”

Ƙarya na yi, kuma ko yau aka sake zan sake. Likita ta ce, “Ikon Allah! Mama, an ba shi makulli kuma ku ne ke neman wata magana?” Na ce ai ta san ubanta, ba ya hawa kan aikin da bai gamsu da shi ba, sai ya sake kwance shi ya duba da kyau. Malam ya sauko, ya zura makullin a aljihu, ya ce ba gaggawa yake yi ba, mai hankali ba ya wasa da birkin gaba. Shi fa, shi da bakinsa. Likita ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Allah ya nuna mata ranar. Suka yi sallama suka tafi suna murna.

Gida ya yi tsit. Ya turo Dattijo ƙarƙashin rumfa, ya shimfiɗa farin ƙyallensa a ƙasa, ya kawo sifana ya tsuguna a gaban muƙamuƙin da babu abin da ke damunsa. Ya sa sifana a kan noti, ya ja. Ta zame ta faɗi. Ya ɗauka ya sake, ta sake faɗuwa. Ya bar ta a nan, ya ɗora hannun a kan gwiwa yana kallonsa.

Na je na ja kujera 'yar tsugune na zauna kusa da shi. Na so in tambaye shi tun yaushe, na so in yi masa faɗan ɓoye mini, na so in ce gobe sai asibiti ko yana so ko ba ya so, kuma duk na yi su daga baya. Amma a ranar sifanar kawai na ɗauka.

Na ce, “Wanne zan fara kwancewa?”

Ya nuna da haɓa, murya can ƙasa, ya ce, “Na saman. A hankali, baiwar Allah, kada ki cinye masa kai.”